Giginya, Burmi ko Marnona: Yaushe Daular Sakkwato Ta Ƙare?

Idan rai ya fita daga jikin mutum, Bahaushe yakan ce wane ya cika, da kalmar nan da yake faɗa wa tulu da alkawari da wa'adi. Ba ya cewa wane ya ƙare, domin wannan magana ce da ake yi wa mai rai wanda babu sauran abin da ake tsammani daga gare shi, kamar attajirin da ya karye ko ɗan damben da ƙarfi ya guje masa. Ke nan tun a cikin harshe akwai hukunci a kan ƙarshen abu, shi ya sa addu'ar da ta fi yawa a bakin dattawa ita ce Allah ya sa mu cika da imani, wadda take tafiya da hadisin da ya nuna cewa ayyuka da ƙarshensu ake duba su. Adabi ma yana da nasa tsarin rufewa. Mai tatsuniya takan ce ƙurunƙus, yara su san an gama, kowa ya nemi makwanci. Malamin da ya tsara waƙa a ajami yakan rufe da tamat, ya yi salati, sau da yawa kuma ya ɓoye shekarar da ya yi waƙar a cikin haruffan ramzi. A duk waɗannan akwai wanda yake da ikon cewa an zo ƙarshe, kuma ba a yi masa musu.

Daula ba ta da irin wannan mai sanarwa, kuma tarihin Sakkwato a shekarar 1903 ya isa misali. Littattafan makaranta sukan ce Daular Usmaniyya ta faɗi ranar 15 ga Maris 1903, sai ɗalibi ya haddace ya wuce. Amma mutanen da suka ga ranar da idonsu ba su yi ittifaƙi a kan abin da ya faru ba, kuma saɓaninsu ya samo asali ne daga wata tambaya da ta fi ta kwanan wata nauyi, wato mece ce daular ita kanta: ƙasa ce, ko jama'a, ko shari'a, ko kuwa mutumin da aka yi wa mubaya'a?

Abin da ya faru a filin Giginya, bayan ganuwar birnin, bai kai sa'a biyu ba. Rundunar da Kanar Morland ya jagoranta ba ta kai mutum dubu ɗaya ba, kuma mafi yawan sojojinta baƙaƙen fata ne, cikinsu har da Hausawa masu yawa, abin da ba a cika son tunawa da shi ba. Suna ɗauke da igwa da bindiga mai ruwa, wadda take kwantar da dawaki tun ba su iso inda mashi zai yi aiki ba. Sai dai kafin wannan safiya an riga an yi shekara shida ana yanke wa daular gaɓoɓi. Kamfanin Neja ya ci Bida da Ilori a 1897. Lugard ya yi shelar mulkin Ingila a Lakwaja ranar 1 ga Janairu 1900, Kwantagora da Yola suka faɗi a 1901, Bauchi a 1902, Kano kuma ranar 3 ga Fabrairu 1903, lokacin da Sarki Alu yake kan hanyar dawowa daga Sakkwato. A gabas Jamusawa sun kwashe mafi girman ƙasar Adamawa, a yamma kuma Faransawa sun riƙe Say da Dori. Wanda yake ganin daula ƙasa ce zai iya cewa ta ƙare tun kafin a harba harsashi ɗaya a Sakkwato.

Lugard kuwa yana da tasa ranar, kuma ya zaɓe ta da gangan. Ranar 21 ga Maris ya tara manyan gari, aka naɗa Muhammadu Attahiru ɗan Aliyu Babba, sannan ya yi jawabin da ya zama tushen mulkin Turawa a Arewa. Hujjarsa ita ce Fulani sun sami mulki da haraji da ikon naɗa sarakuna ta hanyar yaƙi a zamanin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, yanzu kuma an ci su da yaƙi, don haka duk waɗannan abubuwa sun koma hannun Ingila. Ya kuma yi alkawarin cewa ba za a hana kowa addininsa ba. Dabarar da take cikin wannan jawabi ita ce ya mayar da jihadin 1804 cin ƙasa kawai, irin wanda kowane mai ƙarfi yake yi, domin idan takobi ne ya kafa daular, to takobi ya isa ya rufe ta. Mutanen Shehu ba su taɓa fahimtar al'amarinsu haka ba, amma a aikace abin da Lugard ya faɗa ya tabbata: daga wannan rana sarakunan Kano da Zazzau da Katsina ba su ƙara karɓar naɗi daga Sakkwato ba, ba su ƙara aika mata gaisuwar shekara a matsayin wajibi ba, kowanne ya koma ƙarƙashin Razdan na lardinsa. Turawa suka riƙa kiran sabon sarkin Sultan, talakawa kuma suka ci gaba da cewa Sarkin Musulmi, kamar ba abin da ya sake.

Matsalar ita ce a ranar da aka yi wannan naɗi akwai wani Sarkin Musulmin da ransa, kuma ba wanda ya warware mubaya'ar da aka yi masa. Attahiru ɗan Ahmadu ɗan Atiku ya hau gadon ne bayan rasuwar Abdurrahman a watan Oktoba 1902, bai fi wata biyar a kai ba Turawa suka iso. Kafin yaƙin an yi shawara a fada, ra'ayi ya rabu uku: sulhu, ko yaƙi, ko hijira. Shi Attahiru hijira ya fi karkata gare ta, kuma ba shi kaɗai ba, domin Sarkin Kano Alu ya riga ya rubuta wa Waziri yana cewa bai ga wata mafita ga Musulmi ba sai a bar ƙasar gaba ɗaya. Masu son yaƙi suka rinjaya, cikinsu har da ɗan'uwansa Marafa Maiturare. Da aka watse a Giginya, sai Attahiru ya koma kan ra'ayinsa na farko, ya nufi gabas.

Ba za a gane wannan tafiya ba sai an koma ga abin da mutanen daular suka taso suna karantawa da rerawa. Jama'ar Shehu ta fara ne da hijira, daga Degel zuwa Gudu a watan Fabrairu 1804, kuma tun farkonta tana ɗauke da labarin ƙarshenta. Shehu ya rubuta ƙarara cewa shi ba Mahadi ba ne, amma ya ɗauki kansa a matsayin mai share fage, kuma an riƙe cewa a ƙarshen zamani jama'arsa za ta tashi ta nufi Kogin Nilu don ta sadu da Mahadi. Muhammadu Bello ya taɓa umartar Modibbo Adama da ya sa ido a kan hanyar gabas saboda wannan labari. Waƙoƙin wa'azi na Hausa da Fulfulde, waɗanda mata suke rerawa a cikin gidaje, makafi kuma a ƙofar masallaci, sun cika da alamomin tashin duniya: fari, da fitina, da zaluncin mahukunta, da rinjayen waɗanda ba Musulmi ba. Da shekarar 1300 ta Hijira ta gabato, aka kuma ji cewa wani ya bayyana a Sudan yana cewa shi ne Mahadi, mutane suka fara kwashe kaya, har sai da Maryamu 'yar Shehu ta rubuta wa Sarkin Kano cewa lokaci bai yi ba tukuna. Hukuma ta yi shekaru tana tare hanya, tana mayar da masu tafiya gida. To a 1903, shekara ɗari da 'yan kai a lissafin Hijira bayan fitar Shehu daga Degel, sai ga Sarkin Musulmi da kansa ya ɗauki tuta ya kama wannan hanyar. Ga manomin da ya ga wucewarsa, wannan ba gudun wanda aka kora ba ne, cikar alkawari ne da ya ji tun yana goye.

Shi ya sa aka bi shi. Rahotannin Turawa na watannin Afrilu da Mayu cike suke da fargaba, domin garuruwa suna zama kango a bakin damina, manoma suna barin gonakin da suka share, masu sarauta suna barin sarautarsu. A cikin ayarin akwai Sarkin Misau Ahmadu, da Etsu Nupe Abubakar wanda aka raba da Bida, da Magajin Keffi Ɗan Yamusa wanda ya kashe Kyaftin Moloney a 1902, da kuma Tijjanawan da Faransawa suka koro daga Segu, mutanen da wannan ce hijirarsu ta biyu. Suka sauka Burmi, kusa da Dutsen Bima a ƙasar Gombe, garin mabiya Malam Jibrilla Gaini wanda Turawa suka kama shekara guda kafin haka. A nan akwai abin lura: Burmi gari ne na 'yan Mahadiyya da suka daɗe suna tawaye ga Gombe da Sakkwato, ga shi kuma ya zama mafakar ƙarshe ta Sarkin Musulmi. Ranar 13 ga Mayu mutanen garin suka kori wata rundunar Turawa. Ranar 27 ga Yuli aka dawo da ƙarfi, aka wuni ana gwabzawa, Manjo Marsh da ya jagoranci harin ya mutu, aka kashe Attahiru tare da mutum fiye da ɗari shida, gawawwakinsu jibge a kewaye da tasa.

Wannan shi ne ƙarshen da mawaƙa da masu wa'azi da marubutan tarihi na bayan 'yancin kai suka fi so, kuma dalilin a fili yake. Ya yi kama da cikawa. Yana da siffar da labari yake nema: an fara da hijira an rufe da hijira, an fara da imami da tuta an rufe da imami da tuta, kuma wanda ya riƙe amanar ya mutu bai miƙa wuya ba. Ba na jin akwai laifi a girmama Burmi, domin mutanen da suka tsaya a can sun san abin da bindiga mai ruwa take yi, sun gani a Giginya, suka kuma tsaya. Amma kyawun siffar labari yakan sa a manta da abin da bai shiga cikinta ba, kuma abubuwa biyu manya sun faɗo waje.

Na farko shi ne waɗanda suka tsira. Ɗan Attahiru, Muhammadu Bello Mai Wurno, ya ci gaba da tafiya da sauran jama'a, suka yi shekaru a hanya kafin su sauka a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sennar, inda garin da ake kira Mai Wurno yake har yau. Sun isa kogin da aka yi musu alkawari, sai dai Mahadin Sudan ya rasu tun 1885, Ingila ta rushe daularsa a Omdurman a 1898, wato Nasaran da suka baro a baya su suka tarar a gaba. Suka zauna ƙarƙashinsu, suka yi noma, 'ya'yansu da jikokinsu suka shiga aikin auduga a gonakin Jazira bayan an gama madatsar Sennar a 1925. Duniya ba ta tashi ba, sai aka shiga neman abin da za a ci gobe, kuma babu wata waƙar alamomin ƙiyama da ta tanadi baiti domin wannan.

Na biyu shi ne waɗanda ba su tafi ba, su ne kuma mafi yawa nesa ba kusa ba. Bayan Giginya, Waziri Muhammadu Buhari ya tsaya a Marnona da jama'a mai yawa, ya rasa abin yi, ya nemi fatawar malamai. Daga baya ya rubuta risala yana bayyana dalilin komawarsa Sakkwato, kuma duk wanda ya san abin da ta ƙunsa zai ga mutum ne da zuciyarsa ba ta kwanta ba, yana tsoron kada abin da ya yi ya zama ridda. Amsar da ya samu, musamman daga Alƙalin Gwandu Ahmadu ɗan Sa'adu, ita ce shari'a ta yarda a yi wa mai rinjaye biyayya da baki idan ana tsoron halaka, matuƙar zuciya ba ta bi shi ba, kuma tunda Nasara ba su hana salla da azumi ba, idan malamai da shugabanni suka kwashe suka tafi, to su ne da hannunsu za su mayar da ƙasar ta kafirci, su bar raunana ba mai kula da su. A wannan fahimta daular jama'a ce da shari'arta, kuma ana iya ceton su ko da an rasa mulki.

Ba a yi wa Marnona waƙa, ba a kuma kai ziyara can don tunawa da wannan shawara, alhali kuwa kusan duk abin da Arewa ta gada na sarauta da alƙalanci a ƙarni na ashirin daga wannan shawara ya fito. Gidan Atiku kansa ya rabu biyu a kanta: Attahiru ya kwanta a Burmi, ɗan'uwansa Maiturare, wanda ya fi shi son yaƙi tun farko, ya dawo gida, ya zama Sarkin Musulmi a 1915 da amincewar Turawa. Mai saurin hukunci zai ce ɗaya jarumi ne ɗaya kuma ya sayar, amma wanda ya tsaya a Giginya har aka kashe masa doki ko aka kashe masa mutane ba a koya masa jarunta, kuma tambayar da ta raba su tambaya ce ta fiƙihu wadda malamai suka yi saɓani a kanta tun faɗuwar Andalus.

Farashin shawarar Marnona bai daɗe bai bayyana ba. A watan Fabrairu 1906 mutanen Satiru, wani ƙauye a kudu da Sakkwato wanda talakawa da bayin da suka gudu suka cika, suka tashi da sunan Mahadi, suka kashe Turawa uku da sojojinsu da gatura da fartanya. A watan Maris aka murƙushe su, aka kashe kimanin mutum dubu biyu, aka rushe garin, kuma a wannan karo dawakin Sakkwato suna gefen Turawa. Ƙasa da shekara uku bayan Burmi, kalmar Mahadi da ta fitar da Sarkin Musulmi daga gidansa ta zama kalmar da fada take tsoro kamar yadda Razdan yake tsoronta. In da za a tambaye ni ranar da ta fi nuna cewa wani abu ya mutu wanda ba zai dawo ba, Satiru zan nuna kafin Giginya, domin a Giginya an rasa yaƙi ne, a Satiru kuwa masu mulki da talakawan da suka ɗauki alkawarin Shehu da gaske sun tsaya a sahu biyu suna fuskantar juna.

Akwai kuma waɗanda ba a cika tambayarsu ba. Masana tarihi sun ƙiyasta cewa a wajen 1900 bayin da suke cikin daular sun kai tsakanin miliyan ɗaya da miliyan biyu da rabi. Ga wanda aka kamo daga ƙauyensu aka kai shi rinji, shekarun da malamai suke kira ƙarshen zamani su ne shekarun da ya sami damar guduwa gida ko ya fanshi kansa ta hanyar murgu. Shi ma nasa ƙarshen bai zo rana ɗaya ba, domin Turawa sun ji tsoron rushewar noma da fushin iyayengiji, sai suka ce 'ya'yan da aka haifa daga 1 ga Afrilu 1901 'yantattu ne, suka bar iyayensu a hannun masu su, ba a soke bauta gaba ɗaya ba sai 1936. Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano da ya zauna Salaga da Kete-Krachi a ƙasar Gana ta yau, ya yi waƙoƙi da Hausa da Larabci a kan zuwan Nasara, yana jera garuruwan da suka faɗi ɗaya bayan ɗaya, kuma cikin abin da ya dame shi har da yadda duniya ta kife, na ƙasa ya koma sama. Abin da ya gani a matsayin kifewa, wani a ƙasan ya gan shi a matsayin buɗi.

Ana iya ja da ranar baya ma, fiye da yadda mai karatu zai zata. A wajen 1807, tun Alƙalawa ba ta faɗi ba, tun ba a gina Sakkwato ba, Abdullahi ɗan Fodiyo ya bar rundunar jihadi ya nufi gabas da niyyar kada ya dawo, saboda ya ga an fara neman mulki da dukiya da ƙwaraƙwarai an bar abin da aka fito dominsa. Mutanen Kano ne suka tsayar da shi, ya zauna ya rubuta musu littafi a kan tsarin mulki, sannan ya koma. Idan daula manufa ce, to ɗaya daga cikin mutum uku da suka kafa ta ya yi mata ta'aziyya tun tana jaririya. Ana kuma iya ja da ranar gaba. Turawa sun bar wa sarakuna kotu da kurkuku da 'yan doka da baitulmali a ƙarƙashin En'e, har wasu sarakunan suka fi kakanninsu ƙarfi a kan talakawansu, tunda babu sauran Sakkwato da za a kai ƙara, babu kuma damar yin ƙaura a guje musu kamar da. Gwamnatin soja ta 'yan ƙasa ce ta karɓe kotunan sarakuna da 'yan dokarsu daga 1967, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 kuma ya raba su da gudanar da mulki. Abin da Lugard ya bari, jikokin waɗanda ya ci da yaƙi ne suka kammala shi da takarda, ba tare da an harba bindiga ba.

Wannan ba sabon abu ba ne a ƙasar Hausa, kuma mutanen Sakkwato sun fi kowa sani. Sun ci Alƙalawa a 1808 suka kashe Yunfa, suka rubuta cewa Gobir ta ƙare, sai Gobirawa suka sake kafa sarautarsu a Tsibiri, Katsinawa a Maraɗi, Zagezagi a Abuja (Suleja ta yau), Kabawa a Argungu, kowannensu yana kiran sarkinsa da tsohon suna yana ƙirga shi a jerin kakanninsa kamar ba a taɓa katsewa ba. A Daura ma Turawa sun mayar da tsohon gidan kan gado a 1906, bayan shekara kusan ɗari.

Tutar da Attahiru ya fita da ita ta faɗa hannun Turawa a Burmi, ta yi shekara hamsin da bakwai a wurinsu. A 1960, shekarar da Nijeriya ta sami 'yancin kai, aka mayar da ita Sakkwato a wani biki, aka miƙa ta ga Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, wanda ya fito daga gidan Bello, magajin kujerar sarkin da aka naɗa ranar 21 ga Maris 1903 a gaban Lugard. Jikokin mutumin da ya mutu a ƙarƙashin tutar suna can bakin Nilu a lokacin, suna da nasu Sarkin, kuma a Sudan Fallata ake kiransu.